Gwiɓi a Gindin Kwalba

Kwalabe goma, aikin kwana hamsin da huɗu, da digirin 'yata na biyu: abin da aka damƙa mini ke nan, kuma har in mutu ba zan manta da yadda na yi da shi ba.

Ni dillalin man gyaɗa ne a kasuwar Sabon Gari. 'Yata tana bincike a jami'a, can Samaru, kan yis, wannan dai da ake sa wa burodi. Kullum sai ta bar ruwan kwalba ya ɗan kwanta, ta tsotsi abin da ya fara sauka ƙasa, ta zuba a sabon ruwan sukari. Injin da ke girgiza kwalaben a shagona ta ajiye shi, saboda ina da sola.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku. Ta kira ni.

"Baba, na ƙasan za ka ɗiba, ka zubar da na sama."

"Uwata, zazzaɓin ne ke magana? Shekara talatin ina tace mai, ban taɓa ganin wanda ya sayi gwiɓin gindin duro ba."

"Don Allah, Baba, wannan ba mai ba ne."

Na ce to. Amma ɗan kasuwa ba ya zuba jarinsa wuri ɗaya. Biyar na yi yadda ta ce, biyar na ɗebi na sama, ina ta yaba wa kaina dabara.

Da ta warke muka tafi Samaru da kwalaben, ta sa ni leƙa madubin da ke ƙara girman abu. A nawa, ƙwayoyi ne warwatse, kowace ita kaɗai. A nata kuwa sun haihu ba su rabu ba, sun yi rassa kamar zangarniyar dawa. Ashe masu manne da juna su suka fi nauyi, su ke fara sauka. Su take zaɓa kullum har suka zama jiki guda.

"Ga hajarka nan, Alhajin mai," in ji ta, tana nuna nawa, tana dariya har da hawaye.

Da biyar ɗin da na bi maganarta ta gama karatun, ta kuma rubuta nawa a matsayin gwajin kwatance. Lissafina: na ɓata kwalba biyar, na tsira da biyar, na kuma koyi cewa gwanintata a bakin duron mai ta tsaya. Yau idan mai aiki ya ce in ɗebi na ƙasa, na ƙasa nake ɗiba.