Malamar Bakin Rijiya

Kafin rana ta yi zafi, Malama ta riga ta ɗaure allonta a bayan babur. Baƙin allo ne na katako, igiya ta cinye gefensa ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai rabin buhun dusa, da kwalbar maganin tsutsar ciki na dabbobi, da alli a cikin tsohon gwangwanin madara. Haka take fita kullum, shekara goma sha tara, zuwa rijiyar da makiyaya ke shayar da dabbobinsu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Gwiwoyi sun ƙi, ƙungiyar agajin da ta ɗauke ta kuma ta ce shirin ya zo ƙarshe. Ni direban ƙungiyar ne, ni nake kai mata dusar, shi ya sa na ce sai na faɗi abin da idona ya gani kafin a manta da ita.

Da farko ba a bakin rijiya aka nufi yin makarantar ba. Manyanmu na ofis sun gina aji biyu a bakin titi, da rufin kwano da benci masu fenti, aka yi ta ɗaukar hoto har aka gaji. Wata uku cur, ban da ƙadangaru babu wanda ya leƙa. Sai suka ce ai mutanen nan ba sa son karatu. Malama ce ta miƙe a taro, lokacin ko wata shida ba ta yi da kama aiki ba.

"Ranka ya daɗe, yaron da ke bin awaki ashirin, wa zai bar wa su ya zo ya zauna a bencinku? Ku je rijiya ku gani. Awa uku suke yi a layi kafin a zo kansu, ba sa komai sai korar ƙuda. Ku ba ni awa ukun nan."

Shugaba ya yi dariya, ya ce ta je ta gwada. Ta je ta jingina allon a jikin wata busasshiyar bishiya, yara suka zauna a ƙasa, kowa ido ɗaya a allo, ɗaya a kan garkensa. In layi ya zo kan yaro, sai ya tashi a tsakiyar kalma, ya shayar, ya dawo ya ƙarasa. Ba ta taɓa yi wa kowa faɗa a kan haka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ta fara tambayar yaro, sai ta tambayi akuyarsa. Ta buɗe bakin wannan, ta duba idon waccan, ta auna dusa da kwano ta zuba wa awakin da ke shayar da 'ya'ya. Wata rana na tsokane ta, na ce, "Malama, wai ke malamar yara ce ko ta awaki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Direba, ranar da akuyar gida ta ƙarshe ta faɗi, ranar gidan zai tashi, ni kuma na rasa ɗalibi. In akuya ta ci, yaro zai zo gobe."

Wani dattijo ya taɓa gaya mini cewa a da da ka suke ba dabba magani, su ɗura wa ɗan akuya abin da ya isa saniya, da yamma su tarar ya miƙe ƙafa. Yanzu jikarsa ce ke karanta masa jikin kwalba. Ungozomar da ke ƙaramin asibitinmu ma, a gindin bishiyar nan ta fara riƙe alli.

Sai fari ya zo ya zauna. Shekara uku ke nan hadari na haɗuwa, iska ta watsa shi. Guga ya fara dawowa da laka. Hanyar da nake bi ta cika da mushe, har na daina sauke gilashin mota. Ɗalibai sittin suka koma goma sha ɗaya, suka koma huɗu. Babu wanda ya yi sallama. Da safe kawai za a ga wurin zamansa babu kowa.

Cikin huɗun akwai wadda ake kira Doguwa, 'yar shekara goma sha uku, mai kai kamar me. Ƙungiya ta bar gurbi ɗaya tak a makarantar kwana, ga wanda ya ci jarrabawa, kuma daga shi babu wani. Malama ta sa rai a kan yarinyar. Amma uban, wanda ake kira Mai Jar Hula, ya ce a'a. Matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni, awaki bakwai suka rage masa, Doguwa ce ƙafarsa kuma ita ce idonsa. Malama ba ta matsa masa ba. Ta ci gaba da kai dusa, tana roƙon Allah ya sa ya sauko kafin ranar Asabar, ranar jarrabawa.

Ranar Laraba Doguwa da awakinta ba su zo rijiya ba. Ranar Alhamis na ɗauki Malama a mota muka bi sawunsu. Muka sami uban zaune a ƙofar bukka, igiyoyin ɗaure awaki bakwai a cinyarsa, yana naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Yunwa ta sa awakin sun ci wani ganye da ba su saba ci ba, kwana ɗaya ya kwashe su. Doguwa na tsaye a bayansa.

Malama ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Baba, sannu. Allah ya mayar da alheri."

Ya naɗe igiya ta ƙarshe. Can ya ce, "Ki tafi da ita, Malama. Babu sauran abin da za ta kiwata."

Na yi shekaru ina aiki da matar nan, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. A hanya, yarinyar na bayan mota da ƙullin kayanta, Malama ta ce mini a hankali, "Na roƙi Allah ya ba ni ita, amma wallahi ba ta wannan hanya ba." Ni ma sai da na tsayar da motar.

Malama, ke ce kika kai makaranta inda yara suke, lokacin da masu manyan takardu ke jira yara su zo musu. Ke ce uwar marasa benci. Babu wanda zai rataya hotonki a ofis, na sani, kuma abin yana ci mini rai. Na gode, a madadin duk wanda ya koyi rubuta sunansa yana jin warin garke. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma masu hali da masu karatu, kada ku tsaya a cewa Allah sarki. Wani ya kai dusa, wani ya kai alli, wani ya je da kansa ya zauna. Doguwa ta rubuta jarrabawarta ranar Asabar, uban ya koma gidan ƙanwarsa. Amma yara uku suna nan suna zuwa bakin rijiya, kuma har yau ba a sami wanda ya iya gaya musu cewa daga ɗaya ga wata babu mai zuwa ba.