Garmar Bature Daga Tambuwal Zuwa Kebbe

Jabo zuwa Tambuwal

Kafin kiran assalatu na kora shanun huɗata biyu, Fari da Jatau, muka bar Jabo, don an aiko in kai su Tambuwal aikin hanya. Zuciyata ba daɗi, domin damina ta kawo kai, ga shi an ce duk wani mai ƙarfi a garinmu zai fita sharar hanyar mota. Wanda ya rasa shukar ruwan farko kuwa, ya san abin da zai tarar a rumbunsa.

Da hantsi na iske Baturen hanya tsaye kan wani abu na katako mai baki kamar ƙirjin jirgin ruwa. Tafintansa, Malam Bawa, ya ce a ƙasarsu dusar ƙanƙara kan rufe hanya har ta jirgin ƙasa, sai a tura irin wannan garma ta watsar da ita gefe da gefe. Rairayinmu ma, in ji Bature, haka za a yi masa. In garmar ta yi aiki, an sallami mutanenmu su je gona. Nan take na ji ina ƙaunar katakon nan.

A hanya

Muka ɗaura shanu, muka kama hanyar Kebbe. Gaskiya garma ta yi aiki: tana tsaga rairayi, tana tara shi dama da hagu, kunya biyu miƙaƙƙu abin sha'awa. Wani tsoho ya bi mu da kallo ya ce, "Wanga manomi gonatai tsawo gare ta, amma ba ta da faɗi." A wata ruga muka kwana, aka cika mu da fura da nono, Jatau ya cinye rabin zanan masaukinmu.

Kebbe

Ranar da muka shiga Kebbe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka zauna muna cin tuwon dawa muna jiran Bature ya biyo sabuwar hanyarsa da mota. Shiru. Da muka gaji muka koma nemansa, sai ga hanyar ta zama kwalbati, kunyoyin sun tare ruwa a tsakiya, mota ta nutse har gindi. Fari da Jatau ne suka jawo ta, Bature na ciki ya yi ja wur.

Ya ce gobe kowa ya fito da fartanya a baje kunyoyin nan. Na ga shukarmu ta tafi. Sai dagacin wurin ya durƙusa ya nuna masa sawun diddige jere a kan kunya. Ashe duk ƙauyen da muka wuce, da suka ga huɗa a jiƙe ba mai ita, gero suka zuba.

Dagaci ya ce, "Ranka shi daɗe, iri ya shiga ƙasa. Ko ɗaure mu za a yi, babu mai ɗaga hannu shi kashe shuka. Sai an yi girbi."

Malam Bawa ya fassara. Bature ya daɗe yana duban kunyoyinsa, sannan ya ce to, sai kaka.

Gida

Na iso Jabo da la'asar, na tarar kowa na gona, na yi hamdala. Ina gode wa mutanen rugar da muka ci wa zana, da dagacin da ya aiko mini dami biyu da kaka, wai ladan huɗa.