Butar Kofin Verna a Majalisa

Shekara talatin Verna Kowalski tana kai wa baƙi abinci a wani gidan abinci na bakin hanya, kuma idonta ba ya iya ganin kofi wayam. Da majalisar jiharsu ta kawo ƙudurin rage albashin ma'aikatan da baƙi ke ba tukuici, sai ta je da kanta. Aka ba ta minti biyu ta yi magana a gaban kwamiti.

Tana wucewa ta hango kofin shugaban kwamiti babu komai. Kafin ta ankara, hannunta ya ɗauki butar kofi ya cika masa.

"Na gode, Uwargida," in ji shi.

"To, ɗana, ranar da dusar ƙanƙara ta hana baƙi zuwa, wannan godiyar ce albashina. Mai gidan haya ba ya karɓarta."

Ba ta ajiye butar ba sai da aka ƙara mata minti biyar.