Yaya Sule da Mashigin Tafkin Ƙofa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar wana, Yaya Sule, kuma har yau in hadari ya haɗo ta gabas sai in tuna da shi.

A zamanin Turawa, damina in ta yi nisa tafkin da ke bayan garinmu Ƙofa yakan cika ya yanke hanyar Kankiya. Hakimi ya sa aka kawo kwale-kwale, aka ɗora wa Yaya Sule kula da shi. Ni da shi, duk muna magidanta a lokacin, muka kafa dandamalin azara inda mutane ke tsayawa su shiga, da gadon da ake jan kwale-kwalen a ɗora kada ya ruɓe. Matsalar ita ce ƙasan tafkin. Taɓo ne zalla. Dirkar da ka kafa yau, gobe ta nutse. Sai ya riƙa shimfiɗa faskaren giginya kwance cikin lakar, ya tsayar da dirkokin a kai. Duk da haka bai taɓa sakankancewa ba. Kullum da safe sai ya shiga ruwa yana laluben gindinsu da ƙafa.

Wata ranar kasuwa, bayan ruwan sama mai yawa, mata suka cika dandamalin da kayansu, wasu da goyo. Dirkar kusurwa ta zame, dandamalin ya karkata. Yaya Sule ya faɗa ruwa ya sa kafaɗa ƙarƙashin azarar.

"Ku sauka a hankali, kada wadda ta ruga!" in ji shi.

Na ce, "Yaya, taɓo na cin ka!"

Ya ce, "Bar ni, Audu. Fidda masu goyo tukuna."

Kafin ta ƙarshe ta taka tudu, laka ta kai masa ƙugu, ruwa yana taɓa haɓarsa. Da igiyar shanu muka jawo shi. Ba wadda ta rasa ranta, amma bayansa bai sake miƙewa ba, kuma bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu hanyar mota ta zagaye tafkin, sai masu gonaki a ƙetare ke hawa kwale-kwale. Samari sun soka bututun ƙarfe tsaye cikin lakar mashigin a madadin dirkoki, sun jera katako a kai. Na yi musu magana, suka ce ƙarfe ba ya ruɓewa. Gaskiya ne, amma yana nutsewa. Da Yaya Sule na nan, na san da tuni ya naɗe wando ya shiga ya duba.

Bai bar gida babba ba, bai bar garke ba. Sai dai akwai wani limami a Kusada wanda yake goye a bayan uwarsa ranar da dandamalin ya karkata, kuma kowace Juma'a yakan ambaci Sule cikin addu'a, mutumin da bai san fuskarsa ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.