Hannu a Ƙarƙashin Haɓa

Duk lokacin da na bi ta bayan wata lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Dar es Salam na ji yara suna rera aikatau na Faransanci da murya ɗaya, sai tafiyata ta yi sanyi. Ina yarinya ban taɓa iya shiga wannan rerawa ba, domin da i'ina na taso. Idan malami ya tsayar da ni in ce "nous finissons", harshena yakan maƙale a gaɓar farko har aji ya fashe da dariya.

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon malami ne da ya ajiye aiki. A lokacin zafi, bayan la'asar, yakan zaunar da ni a inuwar dogon yaro, ƙasa tana ƙamshin ruwan da aka yayyafa mata. Ya koya mini in sa bayan hannuna a ƙarƙashin haɓata: duk saukar haɓa, gaɓa ɗaya ce. Fi, ni, ssons, uku ke nan. "Parlent" kuwa ɗaya tak, ko da idona yana ganin biyu. Ba zan ce dabarar ce ta warkar da ni ba, don ba ni da hujja. Abin da na tabbatar shi ne, a gabansa kaɗai nake kai ƙarshen kalma.

"Ɗiyata, ba korarki ake yi ba," yakan ce. "Ranar da kika yi mini magana ba tangarɗa, da ƙafata zan je Babbar Kasuwa in yanko miki zane."

Na daɗe ina neman wannan rana. Na tafi jami'a a wata ƙasa, i'inar ta yi ta raguwa har ta bar ni. Da na dawo, tsufa ya riga ya ɗauke ganinsa, ya fara taɓa tunaninsa. Na durƙusa a gabansa na ba shi labarin karatuna da Faransanci, jimla bayan jimla, ban tsaya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya juya wajen mahaifiyata.

"A kawo wa baƙuwa ruwa. Bakinta da kyau."

"Yaya, ɗiyarka ce fa."

"A'a," ya ce a hankali. "Tawa tana i'ina."

Bai ga daminar da ta biyo baya ba. Yanzu ni nake koyar da furuci, da alamomi da na'urorin da bai taɓa sani ba, ana kuma yaba mini. Amma da na sani, da na maƙale masa a kalma ɗaya, ko da gangan ne.