Ranar Da Aka Zo Duba Tsakar Gidanmu

Mantuwa ta fara cin ƙarfina. Sai in yi ta neman carbi alhali yana wuyana. Amma akwai wata Asabar guda da na tabbata ko sunana na manta ba zan manta da ita ba, wato ranar da aka zo duba tsakar gidanmu a Yakasai. A lokacin Malam, maigidana, yana raye, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa. Ba na iya fara labarin nan ban yi dariya ba, ba na kuma iya gama shi ban share ido ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Muna da wata jika, 'yar babban ɗanmu, wadda ta tashi a hannuna tun daga yaye. Ita ce ma take rubuta wannan da nake faɗa, tunda ni ban iya riƙe alƙalami ba. A lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun dabbobi, a can makarantar take kwana. In ta zo hutu nakan gan ta da almuru tana bin bango da wayarta a ɗage, tana leƙa nan tana leƙa can. Ban taɓa tambayarta ba. Na ɗauka sabis take nema, don gidan namu ginin ƙasa ne mai kauri.

Wata rana a tsakiyar mako ta kira ni, daidai lokacin da maƙwabta suka tada injin markaɗe. Na toshe kunne ɗaya, na ji tana cewa ranar Asabar za ta zo da malamarsu, za ta duba tsakar gidanmu, kuma sakamakon karatunta duk ya rataya a kan wannan dubawar. Ta ƙara da cewa kada a taɓa komai. Na ce to, Allah Ya kai mu. A zuciyata na ce ji yarinya da kunya, wai kada in wahalar da kaina.

Ni kuwa na san masu duba gida. Ina yarinya na ga duba-gari, ma'aikatan tsafta, suna shigowa su buɗe randa su zura ludayi, in suka ga ɗan tsutsa guda ranar sai sunan gidan ya zaga unguwa. Na ce ashe abin ya dawo, har ya shiga jami'a, ana auna yarinya da tsaftar gidan da ta fito. To ba a kaina za a kayar da jikata ba.

Na aika unguwar Mandawari aka kira mini ƙanwar Malam, wadda kowa ke kira Gwaggo. Mace ce da in ta riƙe tsintsiya sai ka tausaya wa ƙasa. Muka fitar da komai. Muka share, muka wanke kwata, muka kwaɓa ƙasa muka toshe duk wata tsaga da ke bango, muka bi da farar ƙasa, muka fesa maganin ƙwari lungu-lungu. Abin da ya fi ɗaga wa Gwaggo hankali shi ne tsaka, 'yar ƙadangaruwar nan fara mai bin bango. Gidanmu kuwa cike yake da ita. Mun taso ana ce mana in ta faɗa miya ta zama dafi, in ta bi ta jikinka fata ta lalace. Gwaggo ta ce babban abin kunya ne baƙuwa 'yar boko ta ɗaga kai ta ga wannan ƙazantar. Wadda ta gudu ta tsira, wadda ta tsaya Gwaggo ta yi mata abin da ta saba.

Wuri ɗaya ne ya gagare mu. Malam baduku ne, kuma ko bayan da idonsa ya yi rauni ya bar ɗinkin fata, yana da wani ɗan ɗaki a gefen zaure da ya tara shirginsa. Tun ina amarya nake roƙon ya bar ni in share ɗakin nan, tun ina amarya yake cewa gobe. A wannan makon na yi lallashi, na yi fushi, na tura masa Gwaggo. Ya shafa aljihun da makullin yake, ya ce shi dai abin da ya ji an ce tsakar gida za a duba, bai ji an ambaci ɗakinsa ba.

Ranar Asabar na yi funkaso da miyar taushe, na dama fura, na ɗaura atamfar da nake zuwa biki da ita. Bayan la'asar suka yi sallama. Malamar 'yar siririya ce mai tabarau, da jaka a kafaɗa da tocila a hannu. Jikata na shigowa ta shaƙi ƙamshin farar ƙasa, sai ta tsaya cak. Na ɗauka daɗi ne ya kama ta.

Muka gaisa, na ja malamar na kai ta gaban randa na buɗe mata murfi. Ta leƙa ta ce ma sha Allah. Na nuna mata kwata, na nuna mata madafi, har bayan gida na kai ta. Tana ta yabawa cikin ladabi, amma na lura idonta ba ya ƙasa, kullum yana sama wajen azara, itacen rufin ɗaki. Ta haska tocila bayan ƙofa, ta haska ƙarƙashin indararo. Can ta juyo ta tambayi jikata inda suke.

Jikata ta dube ni ta ce, "Iya, ina tsakar da ke bangon nan?"

Gwaggo ce ta amsa, tana gyara mayafi. "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ko ɗaya ba mu bari ba."

Na ce, "Ba ke kika ce za a duba tsakar gida ba? Ga ta nan, ko allura ce ta faɗi sai an gani."

"Iya, tsaka na ce. Tsaka mai bin bango, ta cikin gida. Ita za a duba."

Sai muka ji wani sauti daga bakin zaure kamar ana zuba ruwa daga buta. Malam ne a kan tabarmarsa, ya dafe ciki, hularsa ta faɗi ta gangara. Yana son magana dariya ta hana shi, sai nuna ni yake yi da yatsa, ya nuna Gwaggo, ya nuna bango. Har yau in na rufe ido ina ganin giɓin haƙoransa. Wayyo Malam.

Amma ita yarinyar kuka ta fashe da shi, a nan muka gane girman ɓarnar. Ashe binciken da za ta kammala karatu da shi a kan tsaka ne. Ta gaya wa malamar cewa a gidan kakanninta kaɗai ta ga iri fiye da ɗaya, har da wata babba mai kaushin baya, ta nuna mata hotuna a waya. Malamar ta yi shakka, don yaran yanzu sukan kwaso hoto a ko'ina su ce nasu ne, shi ya sa ta ce sai ta gani da idonta. Yanzu ga bango fari tas. Malamar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba, sai dai yarinyar ta sake wani binciken daga farko, kuma da wuya ta fita tare da 'yan ajinsu. Ba jinkirin ne ya fi ƙona ni ba, ganin da za a yi wa jikata na maƙaryaciya ne, kuma da tsintsiyata.

Malam ya daina dariya. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya miƙe a hankali, ya zaro makulli. Da ma da amarya yake tsokanar jikar tasa. Ya ce, "Amarya, share hawayenki. Akwai unguwa ɗaya da gwamnatin kakarki ba ta taɓa ci da yaƙi ba."

Ya buɗe ɗakin. Warin tsohuwar fata ya buge mu. Ga ƙiraga a rataye sun bushe kamar faranti, ga mataccen keke, ga kwanduna, ga yanar gizo kamar an yi labule. Ni da na yi shekara da shekaru ina mafarkin shiga ɗakin nan da tsintsiya, ranar da na shiga addu'a nake Allah Ya sa ƙazantar ta isa. Yanzu makullin yana hannuna, babu mai ce mini gobe, kuma har yau ban iya share shi ba.

Malamar ta haska, jikata ta ɗaga wani ƙirgi da ke jikin bango. Jama'a, bangon ne gaba ɗaya ya motsa. Tsaka ta watse ta ko'ina, manya da ƙanana, wasu sama wasu ƙasa. Ashe har waɗanda muka kora nan suka yi hijira. Gwaggo ta yi salati ta fita da gudu, sai a kan turmi muka same ta a tsaye, mace mai ciwon gwiwa. Ni kuma wata ta faɗo mini a ɗankwali. Na fizge shi na yar, na shiga tsalle ina kaɗe jiki, rawar da ko a bikina ban yi irinta ba. Da na duba ƙasa sai ga wutsiya ita kaɗai tana ta mutsu-mutsu, mai ita ta yi gaba. Na ce shi ke nan, aljanu ne. Malamar, wadda tun zuwanta ba ta yi murmushin kirki ba, ta cire tabarau tana share hawayen dariya. Ta ce dabara ce, in ta ji an kama ta sai ta saki wutsiyar ta bar maƙiyi da kallo, daga baya wata ta tsiro.

Daga nan aka shiga farauta. Malamar ta ce a kama su da rai, a hankali, kada a riƙe wutsiya. Jikata da roba, ni da ƙwaryar fura, Malam da hularsa. Tsoho mai raunin ido ya kifa hula a bango ya ce ya kama sarkinsu, aka ɗaga sai ga ƙusa. Gwaggo daga kan turmi take ba da umarni, ga ta can, ga ta bayanki, ita da jiya ta fi kowa kisa. Na yi dariya har sai da na zauna a kan keken nan, shi kuma ya kife da ni.

Da muka tara 'yan kaɗan, malamar ta zauna a tsakar gidan da na sha wahalar gyarawa, ta shiga ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana juya ƙafafunsu kamar mai duba lallen amarya. Ta ce tsaka dangi ce babba, irinta a duniya ya haura dubu, kuma da yatsu aka fi bambanta su. Ta nuna mini 'yar farar da muka saba gani gindin fitila, ƙarƙashin yatsunta layi-layi ne a rabe biyu, da ɗan farce a kowanne. Ta ce waɗannan layukan cike suke da gashi ƙanana da ido ba ya gani, da su take manne wa bango har ta bi rufi a kife. Ta ce akwai mai yatsu kamar mafici da ke zama a duwatsu, akwai 'yar mitsitsiya mai yawo da rana a jikin bishiya, akwai ta daji mai ƙatuwar wutsiya da ke tafiya a ƙasa. Muna cikin haka ta hannunta ta zaro harshe ta lashe idonta. Na ce a'uzu billahi. Ta ce ai ba ta da fatar ido da za ta ƙifta, da harshen take wanke shi.

Gwaggo ta sauko ta tambayi batun dafi, da abin da muka taso muna ji game da kashe ta. Malamar ta ce hukunci na malaman addini ne, ita ba za ta shiga ba. Abin da ta sani a aikinta shi ne waɗannan ba su da dafi, ƙwari da sauro suke ci, abinci kuwa a rufe shi saboda kowace irin ƙazanta.

Sai dai babbar da ake taƙaddama a kanta ba ta cikin waɗanda muka kama, kuma rana ta yi sanyi. Jikata ta koma ɗakin ita kaɗai. Muna jin motsinta daga waje. Can ta kira malamar a hankali. Muka bi baya. A bayan wata tsohuwar jakar fata, kusa da azara, ga ta nan a lafe, ƙatuwa, bayanta gurje-gurje, yatsunta faffaɗa ba a rabe ba. Malamar ta daɗe tana haska ta. Sannan ta juyo ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce, "Kin yi gaskiya. Ni ce na yi miki mummunan zato."

Ta auna su, ta ɗauki hoto, aka mayar da kowace ɗakin Malam. Sai a lokacin aka tuna da funkaso, ya huce, amma malamar ta ci har ta nemi ƙari. Jikata ta fita tare da 'yan ajinsu. Shi kuwa Malam, har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zo sai ya gaya masa cewa shi da ma ya san jami'a za ta buƙaci ɗakin nan, shi ya sa ya hana ni sharewa tun ina amarya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in aka faɗa maka magana kada ka cika ta da abin da ke cikin kanka. Na ji kalma ɗaya, tsoron kunya ya ƙarasa mini sauran, na kusa rushe wa yarinya wahalar shekaru ina ganin gata nake yi mata. Da na ce mata maimaita, da duk ba a yi haka ba. Bayan nan duk wayar da aka yi mini sai in miƙa wa Malam in ce ji mini abin da ake cewa, ya saurara ya faɗa mini, ya ƙara da tsokana. Yanzu babu wanda zan miƙa wa. Sai in ce da mai kiran ya yi haƙuri ya sake faɗa, tsohuwa ce, kuma mai ji mata ya tafi.