Baba Ɗanlami da sunan da na yanke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina shirin fita aiki Mama ta leƙo ɗakina ta ce Baba Ɗanlami mai hoto ya rasu bayan sallar asuba. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, na kasa sa ɗayan.

Duk wanda ya tashi a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui ya ɗauko tsohon hoton suna ko na biki a gidansu ya juya bayansa. Da wuya bai ga shuɗin hatimin Baba ba.

Ba mu haɗa jini da shi ba. Shagonsa ne kawai ke kusa da inda nake zama da kwamfutata, in wuta ta ɗauke a wajensa nake caji. Tun da ya ji ina haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet ya sa mini suna Injiniya, har ya koma ga Allah bai kira ni Balaraba ba.

Aikina na farko na Hajiya Talatu ne, mai atamfa da leshi a Titin Koudoukou. Ita ta yarda da ni lokacin da kowa ke cewa yarinya ce. Ni kuwa ga gaggawa, ga son a ce na iya. Na shiga intanet na kwaso hotunan mata sanye da atamfa masu kyan gaske. A gefen kowane hoto akwai sunan mai shi, sai na datse wajen, na ɗora abina.

Na kai wa Baba ya gani don ya yabe ni.

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Injiniya, ina gwiwar hannun matar nan? Wanda ya iya ɗaukar hoto haka ba zai yanke mata hannu ba. Me kika cire a nan?"

Na ce, "Baba, a intanet fa na tsinta."

Ya ce, "To ko tsintuwa ai ana cigiya. Ke kuma kin ga sunan mai kaya, kika goge."

Na yi dariya na ce wa zai gano mu a Bangui. Bai ja da ni ba, ya ci gaba da goge kyamararsa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah saƙo ya shigo daga kamfanin da ke riƙe mana shafin. Mai hotunan, wata mata a wata ƙasa, ta kai ƙara. Ko in sauke su, ko a rufe shafin gaba ɗaya. Ga Hajiya ta riga ta buga adireshin a ledojinta, ta gaya wa kwastomominta har na unguwar Miskine. In aka rufe, na kunyata ta, kuma babu wanda zai sake ba ni aiki a unguwar nan.

Na je wajen Baba ido ya yi ja.

Na zaci zai ce ai na faɗa miki. Sai ya miƙo mini ruwa ya ce, "Sha tukuna. Sannan ki rubuta wa baiwar Allah ki ba ta haƙuri. Gobe ƙarfe bakwai ki same ni a shagon Hajiya, hasken safe ba ya jiran kowa."

Kwana biyu muna aiki. Dattijo da ciwon gwiwa, yana durƙusawa yana miƙewa, ni ina riƙe masa farin ƙyalle. 'Ya'yan Hajiya biyu suka sa atamfofin. Kafin ya ɗauka sai da ya tambaye su da yaren Sango, don shi suka fi ji, ko sun yarda duniya ta ga fuskarsu. Ɗaya ta ce a'a, sai ya ɗauke ta daga kafaɗa zuwa ƙasa.

Da Hajiya ta ga sabon shafin cewa ta yi, "Yawwa, yanzu na ga kayana. Dama waɗancan zanen ko ɗaya ba ni da shi, shiru kawai na yi miki."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shafin yana nan har yau. A ƙasan kowane hoto akwai sunan Baba, da ƙananan baƙaƙe.

Makonni uku da suka wuce na je duba shi a gida. Ya rame, amma tsokanar tana nan. Ya sa aka ɗauko wani ɗan akwati cike da hotunan unguwarmu, kasuwa, masu babur, tsofaffin shaguna da yanzu babu su, da takarda da ya sa wa hannu ya buga mata hatimi.

Ya ce, "Ga izini a rubuce, kada ki ce tsinta kika yi. Yi aiki da su yadda kike so. Sharaɗi ɗaya ne, kin san shi."

Na ce na sani, Baba.

Da zan tafi na roƙe shi in ɗauke shi hoto da wayata. Mutumin da ya ɗauki rabin unguwa, shi ba ya son a ɗauke shi. Ya gyara hula, ya gaya mini inda zan tsaya saboda haske, ya duba ya ce, "Ba laifi, hannuna duka biyu suna nan. Wannan naki ne, Injiniya. Duk mai so sai ya tambaye ki."

Raina a kwance yake da rabuwar da muka yi. Na gode masa yana ji, ya ce singila shi ma, wato na gode da Sango, muka yi dariya.

Tun safe mutane ke turo mini saƙo suna neman hotonsa. Ga shi nan na ɗora, shi ne na ranar. Ni na ɗauka, kuma na ba kowa izini. Ku ɗauka, ku tura, ku buga. Na rubuta sunansa a ƙasa, don Allah kada a yanke.

Allah Ya jiƙan Baba Ɗanlami, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda duk ya ɗauki hoton nan, kafin ya tura wa wani ya tsaya ya yi masa addu'a.